Jinkar Rumbun Jar Gyaɗa

Shekaruna saba'in da tara a ƙidayar da iyaye suka bar mini, abin da zan ba da labarinsa kuwa ya kai shekara sittin da aukuwa, ko ya ɗara kaɗan. Na so in tafi da shi kabari, domin ba irin labarin da ke ƙara wa dattijo girma ba ne. Amma daminar bana ta tone shi, ta kuma aza masa wani a kai wanda ya fi shi nauyi, har na ga cewa shiruna ya soma zama ƙarya. Saboda haka na sa aka kawo mini takarda da alƙalami, na zauna a ƙofar shagona da ke bakin Titin Koudoukou, wanda yanzu ban sayar da komai a cikinsa sai hira, babura na wucewa suna fantsama mini jan ruwa a bakin riga, ina rubutawa.

Yaran yau suna zaton Bahaushen unguwarmu ta Kilomita Biyar a bayan kantar shago aka haife shi, da ma'auni a hannu. Ba haka ba ne. Mahaifina manomi ne, kuma da fartanyarsa yake alfahari. Gonarmu tana can bayan Kilomita Goma Sha Biyu, a kan hanyar Damara, inda kakana ya sare daji da hannunsa bayan ya gaji da fatauci. Abu ɗaya ya taho da shi daga arewa wanda bai sayar ba: jar gyaɗa, ƙanana, masu mai, waɗanda ba a samun irinsu a ƙasar nan. Ita ce cinmu, ita ce suturarmu. Da hantsi gidanmu ba ya jin kira, saboda amon turmi da ƙarar gyaɗa a kaskon suya. Inna da ƙanwata Hajara su soya, su murje, su sheƙe, su daka, su matse mai, su mulmula ƙuli, ƙamshin ya bi lungu har bakin kasuwa, matan unguwa su riƙa leƙowa da kwalabe. A lokacin Koudoukou jar ƙasa ce da itatuwan mangwaro, kana iya jin sarƙar keken mutum tun daga nesa ka san ko wane ne. Yau injin wuta da odar motoci sun cinye kowane sauti, man da ake soya ƙosai da shi kuwa a jarka yake zuwa daga Kamaru, ba shi da ƙamshi, ba shi da uba.

A gonar akwai rumbu babba na ƙasa, mai jinkar ciyawa, a nan irin shuka ke kwana daga kaka zuwa faɗuwar ruwa. Iyakarmu ta gabas gonar wani mutum ce mai suna Andire, Kirista, mai rogo da masara, dogo, mai dariya kamar ana farfasa itace. Da Sango, yaren ƙasar nan, suke magana da Baba, amma shi ya koyi cewa "sannu da aiki, Malam," Baba kuma ya koyi cin ganyen rogonsu. Manoman wannan yanki, Musulminsu da Kiristansu, suna da wata ƙa'ida da ba wanda ya rubuta ta: idan iska ta kware wa mutum rufi, ba ya roƙon kowa, ba kuma a bari rufin ya wuce kwana uku a buɗe. Rana ta farko a yanko ciyawa, ta biyu a saro itace a yanta shuci, ta uku a taru a baibaye. Mai rufi ya kawo akuya. Ko a gonar wa ake gayyar, Baba ne ke yanka akuyar, domin kowa ya iya sa hannu a akushi ɗaya. Ban taɓa jin an tattauna wannan ba. Haka muka taso muka tarar, kamar yadda muka tarar da kogi.

Ina da shekara goma sha tara, kuma ni kaɗai ne a gidanmu na yi makarantar Faransanci, abin da ya sa nake tafiya kamar ƙasa ta yi mini kaɗan. A wata Laraba ta farkon damina, bayan la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin, tsuntsaye suka yi tsit, sai iska ta taso da wata irin kuwwa da ban sake jin irinta ba sai bana. Ɗanyun mangwaro suka riƙa zuba kamar ana jifa. Ina kallo daga bukkar gona iskar ta ɗaga jinkar rumbunmu ɗungurungum, ta juya ta a sama, ta maka ta a cikin rogon Andire, ta kuma karya wuyan rumbun ta gefe ɗaya. Muka ruga da tabarmi da fatu muka danne bakinsa da duwatsu, ruwa na dukanmu. Ba mu kaɗai ba ne. Tun daga nan har bakin gari rumbuna da ɗakunan awaki da rumfunan shanya duk sun kwanta.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, labari ya bazu cewa gwamnati za ta ba manoman da iska ta rushe wa gine-ginen gona kuɗin sayen kwano da katako, sai dai kowa ya je ya rubuta sunansa. Na zaci Baba zai yi tsaki, domin mutum ne da bai taɓa miƙa hannu ba. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Gobe da sassafe ka je ka rubuta ni," in ji shi. "Ba don kwanon ba. Manoman ƙasa aka ce, ko ba haka ba? To, a sa sunana cikin manoman ƙasa. An daɗe ana ce mana baƙi."

Asabar ita ce rana ta uku, ranar gayya. Na sa farar taguwata na hau keke na tafi ofishin. Layi ya yi tsawo, sai wajen hantsi na kai gaban akawu. Ya rubuta sunan Baba da wurin gonar, ya yago mini 'yar takarda, mbeti kamar yadda ake ce mata da Sango, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba: "Ka gaya wa tsohonka kada ya taɓa komai. Yadda iska ta bar shi, haka masu dubawa za su zo su gani. Wanda ya gyara, ya fita."

Na taka keken nan kamar ana kora ta, maganar na bugawa a kaina. Amma da na sha kwanar gonar sai na ja birki. Mutum ya fi talatin. An riga an ɗaure tsaiko, Andire na can bisa yana ta ihu a miƙo masa shuci, wani na waƙa ana amsawa, hayaƙin akuya na tashi, Hajara na zagayawa da tulu tana ba mutane ruwa. Baba na tsaye a tsakiya, ya naɗe hannun riga, yana murmushin da ban cika gani ba. Ya hango ni.

"Malamin takarda ya dawo! An rubuta?"

"An rubuta, Baba."

"Madalla. Ba su ce komai ba?"

Andire ya leƙo daga sama ya ce, "Kai, mai farar riga, hannunka na alƙalami ne kawai, ko yana ɗaukar ciyawa?" Aka bushe da dariya. Na dubi mutum talatin da suka bar gonakinsu, na dubi gabas da ta soma haɗa hadari, na rasa ta inda zan buɗe baki in ce su sauko.

"Ba su ce komai ba, Baba," na ce. Na tuɓe taguwata na ɗauki shuci. Hajara ce kaɗai ta tsaya da tulunta tana dubana, domin ta san fuskata idan na yi ƙarya. Da yamma a hanyar gida ta matsa mini har na gaya mata, na sa ta rantse. Kafin magariba ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shiga rumbun ba.

Bayan mako biyar masu dubawa suka zo cikin mota, gyaɗa har ta rufe ƙasa. Babbansu mai tumbi ne, da alƙaluma uku a aljihu. Manoma suka biyo motar don kallo. Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a a tsakiyar gona ya tarye su.

"Ina ɓarnar?" in ji mutumin.

"Ga rumbun nan, ranka ya daɗe."

"Wannan? Ai wannan ya fi ɗakin da nake kwana kyau." Na bayansa suka yi dariya.

"Iska ta ɗauke jinkar, ta karya wuyansa. Jama'a ne suka taru suka gyara."

"An gaya wa duk wanda ya zo rubuta suna kada a taɓa komai. Kai ba a gaya maka ba?"

Baba ya juyo ya dube ni. Dubawa ɗaya, ba ta fi ƙiftawar ido ba. Na sunkuyar da kai. Sai na ji ya ce, da murya a kwance, "Ko da an gaya mini, da na rufe. Iri ne a ciki."

Mutumin ya girgiza kai. "Ku mutanen Kilomita Biyar ciniki kuka iya. Kun ji ƙamshin kuɗi kun fito da sabon rumbu. Wannan taimako na 'yan ƙasa ne masu noma." Baba ya buɗe tafukansa biyu ya nuna masa, duk kanta da tsaga. Andire ya kutso yana cewa shi ya ɗaure tsaikon da hannunsa, jinkar ma a rogonsa ta faɗa, a zo a ga inda ta karya masa kunya uku. Mutumin ya ce, "To, kai ma sun koya maka ciniki." Aka sake dariya. Ya zaro alƙalami ɗaya ya ja layi a kan sunan Baba, a gabanmu, a hankali.

Baba bai hau kekensa ba ranar, turawa ya yi har gida, babbar rigar na jan ƙasa. Bai tambaye ni komai ba, a ranar ko bayanta, har ya koma ga Mahaliccinsa. Da ya zage ni da na sami sauƙi. Wani manomi da ke hayin rafi, wanda ya bar rumfarsa a kwance awakinsa na kwana a ruwa, shi ya sami kwano, kuma shekara da shekaru ina wucewa ina ganin rufinsa na ƙyalli kamar yana yi mini gwalo. Daga cikin duk abin da aka faɗa a ranar nan, dariyar da layin alƙalamin na ɗauka na adana. Na yi wa kaina alkawari cewa ba za a sake soke sunan gidanmu a gaban jama'a ba.

Zamani ya juya. Na shiga kasuwa na bar gona a hannun 'yan ƙwadago, na rushe rumbun na gina sito na tubali da rufin kwano, da kuɗina. Andire ya rasu, ɗansa Simon ya gaje shi. Sannan shekarun fitina suka zo, waɗanda ba na son in buɗe bakinsu a takardar nan. Ya isa in ce an yi lokacin da Musulmin Kilomita Biyar ba ya iya wuce ƙarshen Koudoukou ya dawo da ransa, muka zama kamar kaji a akurki, muna binne mutanenmu a inda ya samu. Duk tsawon shekarun nan Simon ne ya tsare gonar. Da aka zo za a ƙone siton ya ce nasa ne. Ya riƙa shuka jar gyaɗar a gefen rogonsa don kada irin ya mutu. Da hanya ta buɗe, ɗan autana Nasiru, wanda Sango ya fi Hausa sauƙi a bakinsa amma jinin kakansa ke gudu a hannunsa, ya ce shi noma zai yi. Simon ya miƙa masa makulli da buhu biyu na iri. Daga buhu biyun nan Nasiru ya tayar da gonar, ya yi aure a kanta, ya haifi 'ya'ya uku.

Bana iskar ta dawo, ita ce dai, na gane kukanta. Ta kware kwanon siton, bango ɗaya ya rufta ciki, katako da tubali da kwano suka danne buhunan irin gaba ɗaya, yadda mutum ɗaya ko biyu ba za su iya zaro su ba. Kwana biyu bayan haka rediyo ta ce gwamnati za ta tallafa wa manoman da hadari ya lalata wa gine-ginen gona, a je a rubuta suna, masu dubawa na tafe. Ina jin sanarwar na ji kamar an kira ni da sunan yarinta. Na aiki Nasiru ya rubuta sunana, na kuma ce masa ko tubali ɗaya kada a ɗaga.

"Baba, na ɗauki hoto a waya," in ji shi da Sango. "Ta kowane gefe na ɗauka. Ya isa."

"Hoto! Su ce na gonar wani ne? Su ce sito ne fanko muka rusa don mu ci kuɗi? Ka san mutanen nan ne, ko ni na san su?"

A rana ta uku Nasiru ya kira ni ya ce Simon ya zo da mutane. Na ɗauki tasi ta kai ni har bakin gona, abin da na shekara ban yi ba. Na tarar da su su goma sha biyu, da adduna da igiyoyi da guduma. Ashe ƙa'idar ba ta mutu ba, ta dai rame. Simon, wanda shi ma furfura ta cika masa kai, ya taho da fara'a yana jan wata baƙar akuya.

"Alaji, ka zo a daidai. Nasiru ba shi da akuya bana, sai muka kawo tamu. Kai za ka yanka, kamar yadda Malam mahaifinka ya saba yi."

Na tsaya a ƙofar siton na dogara sandata. Na ce ba za a taɓa ba sai masu dubawa sun zo.

"Alaji, dubi gabas. Yau ma akwai ruwa."

"Na san gabas tun ba a haife ka ba, Simon."

"Iri ne fa a ciki. Mu zaro buhunan kawai, mu bar maka kangonka su zo su kalla."

"Idan kun zaro, me za su gani? Ubanka na tsaye aka yi wa ubana dariya a gonar nan saboda irin wannan taimakon naku. Ba za a maimaita a kaina ba. Ku koma, na gode."

Wani saurayi daga baya ya ce, "Tsohon ya fi son mbeti da gyaɗa." Simon ya daka masa tsawa. Sannan ya dube ni ya daɗe, ya naɗe igiyar akuyar a hannunsa, ya juya. Suka bi shi ɗaya bayan ɗaya ta cikin rogo. Nasiru ya shimfiɗa tampol a kan tarkacen, amma karyayyen kwano mazurari ne, duk ruwan da ya sauka ciki yake kai shi.

Mako shida ana ruwa. Da masu dubawa suka zo, yara ne biyu, mace da namiji, masu ladabi, a kan babur ɗaya. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ce mana baƙi. Yarinyar ta ɗauki hoto biyu, ta tabbatar da sunana, sannan ta toshe hanci ta ce, "Baba, me ke wari haka? Akwai kaya a ciki? Ai da kun fitar. Hoton da ɗanka ya ɗauka ma da ya wadatar." Bayan sun tafi, ni da Nasiru da wani ɗan ƙwadago muka wuni muna ɗaga kwano. Buhunan sun kumbura sun fashe. Ta sama fararen tsiro ne sun murɗe kamar tsutsa suna neman rana, ta ƙasa kuwa baƙar fumfuna ce da ruwa mai yauƙi. Nasiru ya tsoma hannu har gwiwar hannu yana laluben ko ƙwaya ɗaya mai rai, bai samu ba. Ya miƙe, ya share hannunsa a wando, ya yi mini magana da Hausa tsantsa, wadda na shekara ashirin ina roƙonsa ya yi mini.

"Baba, an rubuta sunanka."

Lokacin shuka ya wuce. Kuɗin ko za su zo ko ba za su zo ba, ban sani ba, ban kuma ƙara tambaya ba. Nasiru ya karɓi babur ɗin wani yana ɗaukar fasinja, ina ganinsa yana wucewa ta gaban shagon nan sau goma a wuni, yana gaishe ni da kai. Da na kai wa Hajara kukana, tana kwance a ɗakinta da ciwon ƙafa, ba ta lallashe ni ba.

"Yaya, shekara sittin ina rufa maka asiri a kan abin da ba laifi ba ne. Laifin yanzu ka yi shi. Kana wurin Baba ya ce ko an gaya masa da ya rufe. Kowa ya ji. Kai kaɗai ne ka tafi gida da dariyar mai tumbi."

Makon jiya Simon ya sauka daga babur a ƙofar shagon nan, ɗauke da kwano rufe da tsumma. Ya ajiye a gabana. Jar gyaɗa ce, busasshiya, ba ta fi mudu uku ba. Na ce a kawo masa kujera, ya ce yana sauri. Na ce a kawo ruwa, ya ce ya sha.

"Ta Nasiru ce," in ji shi. "Idan zai koma baɗi." Ya hau babur ya tafi. Tun yana yaro bai taɓa zuwa gidanmu ya ƙi zama ba.

Kwanon na nan a ƙarƙashin kujerar da nake rubutun nan, na ɗaure bakinsa da leda saboda laima. Har yau Nasiru bai zo ya ɗauka ba, ni kuma ban sami bakin da zan kira shi ba.

Wanda ya yi shakkar abin da na rubuta, na farkon Hajara ta gani, tana raye a bayan babbar kasuwa, hankalinta garau. Andire ma ya gani, amma shi ya riga mu. Na biyun kuwa Simon ya gani, da Nasiru, da mutum goma sha ɗaya da suka zo da igiyoyinsu a rana ta uku suka koma da su a naɗe.